Igiya a Gindin Mangwaro

Shekara bakwai Nakimuli tana sayar da abincin safe a gindin mangwaron mararrabar da ke kan hanyar Masaka, ba ta taɓa tambayar ko bishiyar ta wane ce ba. Babu ma wanda ya taɓa tambaya. Kowa ya ɗauka ta hanya ce, kamar kwalta da turken lantarki. Sai wata Litinin da hantsi, Kityo mai gasa tubali ya zo da igiyar awo, ya rungume gindin bishiyar yana aunawa.

A lokacin tana zuba wa wani katogo, ɗanyar ayabar nan da ake dafawa da wake. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa.

Kasozi, ciyaman ɗin 'yan acaɓa, yana kwance a kan babur ɗinsa ya rufe fuska da hula. Ya ɗaga hular ya ce, "Kityo, riga za ka ɗinka mata?"

"Akwatin gawa dai," in ji Kityo. "Asabar zan sare ta. Wannan ita kaɗai ta isa ta gasa mini tubalin da na jera."

"Wa ya ba ka?"

"Mai ita."

"Gwamnati?"

"Wace gwamnati? Jjajja Lubowa. Ku buɗe ido ku duba mana."

Kowa ya juya ya duba. Gaskiya ne kuwa. Gindin bishiyar yana cikin shingen tsohon da taku ɗaya, yawancin rassan ne suka karkato suka rufe bakin hanya. Jjajja Lubowa, wato Kaka Lubowa, shi kaɗai yake zaune a bayan shingen, cikin gonar ayabarsa, da wuya a gan shi a waje in ba ranar Lahadi ba.

Nakimuli ta juya ta dubi kayanta. Duk abin da ta mallaka yana ƙarƙashin rassan nan: benci biyu, tukunyar katogo, da butar shayin madara. Babu wata bishiya a duk mararrabar, hayar shago kuwa ta fi ƙarfinta. Mutane suna zama su ci, su ƙara, su sha shayi, don akwai sanyi a wurin. Da wannan take riƙe kanta da 'yarta da ke makaranta.

Da azahar aka yi taro a gindin bishiyar. Baki ya zo ɗaya, kowa ya ce ba za a sare ta ba. Kasozi har da buga ƙirji. Nakimuli ba mai magana a cikin taro ba ce, amma da ta ga ana ta ihu babu mai kawo mafita, sai ta ce a hankali, "To, me zai hana kowa ya kawo ɗan abin da zai iya, mu ba Jjajja abin da Kityo zai ba shi, ya bar mana ita?"



Kasozi ne ya fara gyaran murya, ya kira ta da lafazin girmama mata. "Nnyabo, inuwa fa ta Allah ce. Yaushe aka fara sayen inuwa? Gobe kuma sai a ce mu biya kuɗin iska."

Nnalongo, uwar tagwaye mai sayar da tumatir, ta ce, "Ni dai a gefe nake. Rabin teburina rana ke dukansa. Waɗannan da suke miƙe ƙafa a kan babur, su goma sha huɗu, su ya kamata su biya."

"Haba Nnalongo!" in ji wani ɗan acaɓa. "Ke kaɗai ai inuwar mutum uku kike cinyewa."

"Uwarka ma ta huɗu take cinyewa, mara kunya!"

Aka fashe da dariya. Tela ya ce shi da safe kawai inuwar ke kai wa kekensa. Mai gyaran waya ya ce shi baƙo ne, wata takwas kacal ya yi. Kafin a jima har an fara auna inuwa da taku, ana gardamar wa ya fi wani shanta. Aka watse ba a tsayar da komai ba.

Nakimuli tana wanke kwanuka tana tunani. Ta gane cewa babu wanda yake son a sare bishiyar. Kowa dai jira yake wani ya cece ta, shi kuma ya ci gaba da zama kamar da.

Washegari da ta gama cinikin safe, ta zuba katogo mai zafi, ta rufe da ganyen ayaba, ta nufi gidan tsohon. Hadari ya haɗu kafin ta kai. Ta same shi a bakin ƙofa, ta zube a kan gwiwoyinta ta gaishe shi yadda ake gaida manya. Suna cikin gaisuwa ruwa ya sauko.

"Shigo, jikata," in ji shi. "Amma ki duba inda kike sa ƙafa."

Ɗakin cike yake da tukwane da kwanuka, an jera su a ƙasa, har da bokiti a kan gado. Kowanne ruwa na ɗiga a cikinsa, kowanne da irin ƙararsa. Ta ɗaga kai ta ga rufin kwanon duk huji ne.

"Jjajja, tsufa ne ya cinye kwanon haka?"

Ya yi dariya, ya kai ta taga ya nuna mata wani tsibin duwatsu a bayan ɗaki, tsayinsa ya kai ƙugu.

"Duk daga kan rufin nan aka sauko da su. Masu jifan mangwaro ne suke aiko mini. In sun sami mangwaro, nasu ne. In sun kuskure, nawa ne." Ya zauna a bakin gado ya ja bokitin gefe. "Ni na dasa bishiyar nan shekarar da aka haifi ɗana na fari. Kin taɓa ganina zaune a gindinta?"

"A'a, Jjajja."

"Ina wurin zaman? Ko mangwaron, rabon da in ci nunanne na manta, tun yana ɗanye ake kakkaɓe shi. Abin da ke zuwa mini daga bishiyar nan uku ne: duwatsu, leda, da warin fitsari a bayan shinge. Bara akuyata ta ci leda, cikinta ya kumbura kamar ganga, da ƙyar ta sha. Kityo ne mutum na farko da ya shigo gidan nan ya ce mini bishiyata tana da daraja. Kuɗin da zai ba ni kwanon rufi zan saya."

Nakimuli ta sunkuyar da kai. Ta tuna inda take watsa ruwan wanke-wankenta kullum. A jikin shingen nan ne.

"Jjajja, ka yafe mana. Ba mu sani ba."

"Ba ku tambaya ba dai." Ya buɗe ganyen ya ɗanɗana katogon. "Kai! Ashe wannan ne ƙamshin da ke hana ni sakat kowace safiya."

Ta samu ƙarfin hali ta tambaye shi ko ya riga ya karɓi kuɗin. Ya ce a'a, sai Asabar Kityo zai zo da kuɗi da zarto tare.

"In ɗakin nan ya daina yoyo kafin Asabar, ban ga abin da zai sa in sare ta ba," in ji shi. "Amma wa zai gyara? Ku?" Ya yi dariya har da tari.

Da ruwa ya ɗauke ta koma ta ba su labari duka, har da tsibin duwatsun. Ta zaci kunya za ta kama su.

"'Yan makaranta ne ke jifa," in ji Kasozi.

"Ciyaman, shekaranjiya fa na gan ka da dutse," in ji tela.

"Tsuntsu nake kora!"

Nnalongo ta ce ita hannunta ma ba ya ɗaguwa sama, balle jifa. Kowa ya tausaya wa tsohon da baki, kowa ya koma kan harkarsa. Inuwar kuwa tana nan luf a kansu, har wani ya fara minshari.

Minsharin nan ne ya sa Nakimuli ta gane inda matsalar take. Mutumin da ke kwance a inuwa ba zai yarda inuwa tana ƙarewa ba. Sai ta tuna yadda Kityo yake aikinsa. Tun ranar da reshe ya faɗo ya lanƙwasa keken wani malamin makaranta, ba ya sare bishiya sai ya zagaye duk ƙarƙashinta da igiya, ya ɗaɗɗaura jajayen tsummoki. Kuma in igiyar Kityo ta tsaya, babu mai tsallake ta.

Da la'asar ta sake komawa gidan tsohon. Ta durƙusa, ta daɗe tana murza bakin zaninta kafin maganar ta fito.

"Jjajja, da za ka ce wa Kityo ya ɗaura igiyarsa gobe, kada ya jira Asabar."

Tsohon ya zuba mata ido. A hankali fuskarsa ta washe.

"Ke ma fa rana za ta ci ki, jikata."

"Na sani."

"Cinikin kwana uku."

"Gara na kwana uku da na kullum."

Laraba da sassafe suka tarar da igiya. Ta zagaye wurin kaf, jajayen tsummoki suna kaɗawa. Kityo yana tsaye ya riƙe ƙugu. Ya ce mai bishiya ne ya ce a ɗaura, kuma dama akwai ruɓaɓɓen reshe a sama, duk wanda ya tsallake ya faɗo masa, shi babu ruwansa.

Aka kwashe kaya aka koma tsallaken hanya, inda babu ko ciyawa mai tsayi. Da farko abin wasa ne. Kasozi ya ce su maza ne, rana ba ta narka su. Kafin hantsi ya yi kyau ya cire jaket. Kafin azahar ya naɗa tawul a kai.

Wata mata ta sauko daga mota da kayanta ta ce a kai ta asibiti. Kasozi ya tayar da babur da sauri. Tana ɗora jiki a kan baƙin sirdin nan da ya wuni a rana, ta yi tsalle ta dire.

"Ssebo, bawan Allah, ni ka ɗauka ko gurasar chapati, da za ka gasa ni?"

Ta ɗauki kayanta ta taka zuwa tashar gaba. Daga nan fasinjoji suka riƙa wucewa can, don a can akwai rumfa.

Nakimuli ma ba ta tsira ba. Masu cin katogo suka ci a tsaye, rabin kwano, babu mai cewa a ƙara. Madararta ta tsinke tun kafin sha ɗaya. Rabin tukunya ta mayar gida, ranta duk a jagule, tana tambayar kanta ko wauta ta tafka.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne akuyar. Ta ratso shinge ta shigo cikin igiyar, ta zaɓi tsakiyar inuwar nan mai faɗi, ta kwanta ita kaɗai tana tuƙa tana kallonsu. Can sai ga Jjajja Lubowa da kujerarsa da 'yar rediyonsa. Ya zauna kusa da akuyar, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga musu hannu.

"Sannunku da aiki!"

"Jjajja, reshe fa zai faɗo maka!" in ji Kasozi.

"Nawa ne, ɗana. Ya san ni."

Alhamis rana ta fi ta jiya. Nnalongo ta zo da lema, amma lemar ita ta rufe, ba tumatirin ba. Kafin azahar sun yi laushi, ƙudaje sun taru. Tela ya yi ta share gumi har ya ɗinke aljihun wandon wani. 'Yan acaɓa uku suka gudu tashar gaba, 'yan can suka koro su, suka ce wurin da masu shi.

Wajen ƙarfe ɗaya Kasozi ya matso kusa da tukunyar Nakimuli, yana magana ƙasa-ƙasa don kada yaransa su ji.

"Nnyabo, fallen kwanon rufi nawa kika ce ya huje?"

"Ban sani ba, Ciyaman. Ga mai ɗakin can zaune."

"Ke dai ki tambayo mana."

"Ni na je sau biyu."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Daga baya ya cire tawul ɗin daga kansa, ya tsallaka hanya, ya tsaya a bakin igiya ya gaida tsohon da hannu biyu. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Nnalongo ce ta ƙarshe, tana tafe tana cewa ita ba don komai za ta je ba, gaisuwa ce kawai.

Tsohon ya kai su ya nuna musu ɗakin, ya nuna musu tsibin. Wani ɗan acaɓa ya ɗauki wani dutse mai faɗi ya jujjuya shi, ya ce, "Ciyaman, wannan kamar na san shi." Kasozi ya ce masa ya rufe baki.

Juma'a da safe aka buga gangar gayya, wadda in an ji ta kowa ke fitowa da fartanya. Wannan karon babu wanda ya auna inuwarsa da taku. 'Yan acaɓa suka haɗa abin da suka haɗa, suka tafi gari. Sai ga su sun dawo a jere, kowane babur da fallen kwano a ɗaure a baya yana kaɗawa kamar fiffike, kaji suna ta gudu. Falle shida aka sauya, sauran hujin aka toshe da kwalta. Mata suka tsince leda buhu-buhu daga cikin gonar ayaba. Aka haƙa masai can nesa da shinge, aka yi masa daɓe da duwatsun nan na tsibi. Nnalongo ta kawo ƙusoshi, ta tabbatar kowa ya ji cewa ita ta kawo su.

Da aka gama, Kasozi ya hau rufin da bokitin ruwa ya sheƙa. Tsohon yana ciki yana kallon sama. Ya fito ya ce ko ɗigo.

Saura Kityo.

Asabar ya iso da zarto a kafaɗa da kuɗi a aljihu. Ya ga sabon kwano yana ƙyalli, ya ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin igiya, nan take ya gane.

"Jjajja, magana fa muka yi."

"Mun yi, ɗana. Na ce zan sayar don in gyara rufi. Ga rufi."

"To ni tubalina fa? Da yawu zan gasa shi?"

Nakimuli ta dubi Kityo. Mutumin bai yi laifin komai ba, kuma tsohon ba mai son a ce ya karya magana ba ne. Ta ga tsohon yana kallon ƙasa. Ba ta san lokacin da ta zungure Kasozi da ludayi ba.

Kasozi ya yi tari. Ya ce akwai wani mai gonar itacen turare a bayan tudu da ya sare gonarsa, rassa suna nan jibge yana neman mai saye da araha, abin da ya hana a saya nisa ne. In Kityo ya saya, su za su kwaso masa, kowa sawu biyu, ba sai ya biya ba. Tsohon ya ƙara masa da ruɓaɓɓen reshen da wasu biyu da suka leƙa kan rufi.

Kityo ya yi ta ƙunƙuni. Ya ce mangwaro ya fi riƙe wuta, ya ce mutanen mararraba ba su da amana. Amma ya hau ya sare rassan uku, ya sauko yana gumi, ya kwance igiyarsa. Kafin ya gama naɗe ta, benci da tebura da babura sun koma wurarensu. Shi ma ya nemi gefen benci ya zauna.

"Nakimuli, zubo mini katogo. Kai, wurin nan da sanyi."

"Au, ashe ka sani!" in ji Nnalongo.

Tsohon ya ce Kityo ya bar masa igiyar. Ya sa aka buga ƙusa a jikin shinge, ya rataye ta a inda kowa zai gani, da jajayen tsummokinta.

Tun daga ranar kujerarsa ba ta bar gindin bishiyar ba. Kwanon farko da ke fita daga tukunyar Nakimuli nasa ne. Ranar Lahadi 'yan acaɓa suna karɓa-karɓa wajen kai shi coci, ko da yake kullum sai an yi gardamar layin wa ya zo. In aka ji ƙarar dutse a kan kwano, maza goma sha huɗu ne ke miƙewa a lokaci ɗaya, shi ya sa bana mangwaro ya nuna a kan bishiya har ya yi ja. Mai gyaran waya dai har yanzu bai kawo komai ba, yana cewa shi baƙo ne.

Nnalongo kuma kowane mako teburinta sai ya ɗan matso ciki da taku ɗaya. Tsohon ba ya ce mata komai. Sai dai ya rage ƙarar rediyo, ya juya ya ƙura wa igiyar ido. Ita kuma sai ta ja tsaki, ta zaɓi tumatir uku, ba manya ba, ta miƙa wa Nakimuli.

"Ungo, sa masa a miya. Tsoho sai wayon tsiya."

Nakimuli ta karɓa tana danne dariya, ta juya ta ɗaga murfin tukunya. Benci biyun a cike suke, ga wasu mutum biyu a tsaye suna jiran a tashi.